Kafin ki jera littattafan marigayi, ki bar su yadda ya bar su

Assalamu alaikum. Malama, kin ce iyalan wani dattijo da ya yi fice a zamaninsa sun ba ki aikin rubuta jerin littattafan da ya bari, kina tambaya ko ki fara da rarraba su fanni-fanni. Don Allah kada ki taɓa tsarinsu tukuna. Na daɗe a irin wannan aiki, kuma masu son gyara sun fi gara yi mana ɓarna.

Ki fara da ɗaukar hoton kowace kanta da kowane akwati yadda kika same su. Sannan ki ba kowane littafi lamba da fensir a kan 'yar takarda, ki saka a ciki, ki rubuta inda yake da abin da ke kusa da shi. Yadda mutum ya ajiye littattafansa yana nuna yadda yake tunani. Lokacin da tsohon shugaban Amurka Thomas Jefferson ya sayar wa majalisar dokokin Amurka littattafansa 6,487 a 1815, bayan sojojin Ingila sun ƙona na majalisar a 1814, ya haɗa da jerin da ya tsara da kansa a babi 44. Mai kula da laburaren ya bar babukan, amma ya mayar da abin da ke cikinsu bisa tsarin abacada. Jefferson bai ji daɗi ba, har ya sa aka sake rubuta masa tsarinsa na asali a 1823. Gobarar 1851 ta cinye wajen kashi biyu cikin uku na littattafan, don haka jerin ne ya rage wa masu bincike.

Abu na biyu, kuma nan ne aikin yake: kwafin da ke hannunki kike bayyanawa. Sunan marubuci da shekarar bugu kowa zai iya samo su a intanet. Abin da ba za a samu ko'ina ba sai a wurinki shi ne sa hannun marigayin, hatiminsa, rubutun wanda ya ba shi kyauta, kwanan watan da ya saya, da abin da ya rubuta a gefen shafi. Ki duba ko'ina, domin wasu ba a shafin farko suke sa alama ba. Shi Jefferson a ƙasan shafi yake ɓoye tasa, inda maɗaba'a ke buga harafin da ke nuna jerin takardu: in ya ga I, wanda a wurin yake madadin J na Jefferson, sai ya sa T na Thomas kafinsa, in ya ga T sai ya ƙara harafin sunansa a bayansa. Isaac Newton kuwa yakan lanƙwasa kusurwar shafi har tsininta ya nuna daidai layin da yake so. Wanda ya miƙe irin wannan lanƙwasa da sunan tsafta ya goge shaida. Haka wasiƙa ko rasit da kika tarar a tsakiyar littafi: ki rubuta shafin da yake kafin ki motsa shi. In akwai rubutun hannu na warwaren takardu marasa ɗinki, ki sa wa kowace takarda lamba kafin iska ko yara su taimaka miki.

Sai batun da ke jawo gardama da iyali. Ba duk abin da ke ɗakin ne nasa ba. Za ki ga na 'ya'ya, na aro da ba a mayar ba, har da wanda aka buga bayan rasuwarsa. Ni nakan ware gurbi ɗaya a jerin don ƙarfin shaida: tabbas nasa ne, ana kyautata zato, ko kuma an ambace shi a wasiƙa amma babu shi a ɗakin. Wannan na ƙarshen kada ki raina shi. Da irinsa, haɗe da wani jerin rubutun hannu na 1875, aka tattara jerin laburaren masanin kimiyya Charles Darwin a 2024, ya kai wajen littattafai da muƙalu 7,400, alhali da yawansu sun bar gidansa tuntuni.

Kuma mallaka daban, karatu daban. Karl Marx ya aika wa Darwin da littafinsa Das Kapital a 1873, da sa hannunsa, amma yawancin shafukan kwafin ba a ma yanka bakinsu an raba su yadda za a iya karantawa ba. Ki rubuta abin da idonki ya gani, "babu alamar karatu" ko "akwai rubutu a shafi kaza", ki bar wa masu tarihi fassara.

Manhaja ba ta da wahala, Excel ma ya isa a farko, muddin kowane kwafi yana da layinsa. Abin gaggawa shi ne tsofaffin gidan da ɗalibansa. Ki zauna da su tun yanzu, ki tambaye su wa ya ari me, wane akwati aka kwashe, wane hannu ne nasa a cikin rubuce-rubucen gefen shafi. Kuma ki nemi izinin iyalin a rubuce kafin ki wallafa wasiƙun da kika tsinta.