Wane madabod ya dace da mai son ƙara wa furosesa gudu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Gusau ne, kuma sana'ata tace bidiyon bukukuwa da na wa'azi. Na sayi furosesa Intel Core i5-12600K na hannu, ina kuma da RAM na DDR4 mai giga 32 daga tsohuwar kwamfutata. Mai shago ya nuna mini madabod biyu, B660 mai sauƙin kuɗi da Z690 mai tsada, ya ce duk ɗaya ne tunda soket ɗinsu iri guda ne. Ina son in ƙara wa furosesar gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta, domin aikina ya riƙa fita da wuri. Wanne zan ɗauka, kuma me zan duba kafin in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar mai shagon tana da gaskiya ta fuska ɗaya kawai. Madabod shi ne babban allon da ake haɗa dukkan sassan kwamfuta a kansa, kuma duka allunan biyu suna da soket LGA1700, wato mazaunin furosesa, saboda haka furosesarka za ta zauna a kan kowannensu ta yi aiki lafiya. Amma Intel ya kulle damar ƙara wa furosesa gudu sai an haɗa abubuwa biyu: furosesa mai harafin K a ƙarshen sunanta, wadda ka riga ka mallaka, da madabod mai cifset (na'urar da ke ƙayyade abin da allon zai iya yi) na jerin Z, wato Z690 ko Z790. B660 da B760 za su bar ka ka ɗaga gudun RAM, amma ba za su bar ka ka taɓa lambar ninki ta furosesar ba, wato lambar da ake ɗagawa domin ƙara mata gudu, H610 kuwa ko RAM ɗin ba ya bari. Akwai 'yan tsirarun allunan B660 da aka yi wa wata dabara ta daban, sai dai samunsu a kasuwanninmu yana da wuya, kuma ban ba ka shawarar ka jingina da su ba. Muddin niyyarka ƙarin gudu ce, Z690 ne naka. Masu amfani da furosesar kamfanin AMD sun fi samun sassauci, domin B450 da B550 da B650 duk suna bayar da wannan damar, jerin A ne kawai aka rufe, amma wannan bai shafe ka ba tunda ka riga ka sayi Intel.

Kafin komai ka karanta jikin kwalin da kyau, domin allunan Z690 kala biyu ne: akwai mai karɓar DDR4, akwai mai karɓar DDR5, kuma ramukan ba sa shiga juna. Tunda kana da giga 32 na DDR4, nemi wanda aka rubuta DDR4 ko D4 a sunansa, irin su MSI PRO Z690-A DDR4, ko ASUS TUF Gaming Z690-Plus D4, ko Gigabyte Z690 UD DDR4. Idan ka kuskure a nan, to sayen sabon RAM ya hau kanka.

Abin da na fi so ka mayar da hankali a kai shi ne ɓangaren da ake kira VRM, wato jerin ƙananan na'urorin da ke kewaye da soket ta sama da ta hagu. Akwatin wutar kwamfuta yana turo bolt 12 ne, alhali furosesa ba ta buƙatar abin da ya wuce kimanin bolt 1.2 zuwa 1.4, kuma aikin VRM shi ne ya sauko da wutar zuwa wannan matakin ya riƙe ta daidai ba tare da tangal-tangal ba, duk yadda nauyin aiki ya canza. A duk lokacin da ka ƙara gudu, dole ka ƙara wa furosesar ɗan ƙarfin wuta, kuma zafin da take fitarwa yana hawa fiye da yadda gudun yake hawa, saboda yana bin ninkin boltej ne a kan kansa. Kamfanin ya ƙayyade wa 12600K wat 125 a aikin yau da kullum da wat 150 idan ta buɗe wuta, kuma da ƙarin gudu tana iya haura haka. Duk wannan wutar ta cikin VRM take bi. Idan ya yi zafi ya wuce kima, allon da kansa zai rage wa furosesar gudu domin ya tsira, sai ka ga aikin da kake son ya yi sauri ya koma tafiyar hawainiya a tsakiyar fitar da bidiyo.

Masu talla suna son rubuta manyan lambobi irin su 14+1 ko 16+1 a kan kwali, suna nufin yawan layukan da ke raba nauyin wutar. Lambar tana da amfani, amma ba ita kaɗai ce ma'auni ba, domin kamfanoni ba sa ƙirga layukan ta hanya guda, kuma ƙarfin kowane layi ya bambanta, wani amfiya 50, wani 60, wani har 90. Ga furosesa irin taka, kowane Z690 matsakaici daga sanannen kamfani ya wadatar ta fuskar layuka. Abin da zai raba maka mai kyau da marar kyau shi ne ƙarfen da aka ɗora a kan VRM domin shan zafi. Ka ɗauki allon a hannu ka duba: ƙarfen ya zama mai kauri da nauyi, mai tsage-tsagen da iska za ta ratsa, ya rufe layin sama da na hagu duka, kuma a ɗaure yake da sukurori. Roba mai ƙyalli da fitilu masu launi ba sa sanyaya komai, kuma a ganina asara ce mutum ya biya kuɗinsu.

Na tsaya a kan wannan ne saboda garin da kake. Yawancin gwaje-gwajen da za ka gani a intanet an yi su ne a ɗakuna masu sanyi da ba su wuce digiri ashirin da 'yan kai ba. A Gusau kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafin rana yana kaiwa digiri 40, kuma shagon da ke ƙarƙashin kwano ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba yana iya fin haka. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru da shi, kusan haka furosesa da VRM za su ƙaru, kuma iyakar furosesarka digiri 100 ce, daga nan sai ta fara rage gudu da kanta. Sannan ga ƙurar hunturu da ke toshe tsagen ƙarafan sanyaya cikin 'yan makonni. Saitin da ya zauna daram a watan Disamba yana iya riƙa kashe kwamfutar a watan Afrilu, don haka ka yi gwajinka da tsakar rana a lokacin bazara, ko kuma ka bar tazara mai yawa.

Ya kamata kuma ka san girman ribar da kake nema. Idan dukkan manyan ƙwayoyinta shida, wato sassan cikinta da ke yin lissafi, suna aiki tare, 12600K tana gudu a kimanin gigahaz 4.5, kuma da sanyaya mai kyau akan kai ta wajen 5.0. Wannan ƙarin kusan kashi goma ne cikin ɗari a lissafin gudu, kuma a aikin bidiyo na zahiri yakan gaza haka, musamman idan manhajarka katin hoto take dogara da shi wajen fitar da aiki. Saboda haka kada ka zuba dukkan kuɗinka a allo mafi tsada. Furosesa mai K ba ta zuwa da fankarta, don haka kana buƙatar babbar mai sanyaya ta iska, mai hasumiya, kuma ka tabbata tana da maƙalar LGA1700, domin tazarar ramukan ta bambanta da ta tsofaffin soket. Kana buƙatar akwatin wuta na gaskiya mai igiyar furosesa mai baki 8, da kuma UPS ko inbata mai kyau, domin ɗaukewar wuta da sauyawa zuwa janareta suna lalata aiki, kuma idan suka same ka a tsakiyar sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin allon wadda ke tayar da kwamfuta, suna iya hana allon tashi gaba ɗaya.

Wannan ne ya sa nake ganin ƙananan abubuwa biyu sun cancanci ɗan ƙarin kuɗi. Na farko maɓallin sabunta BIOS daga filashi ba tare da kwamfutar ta tashi ba, wanda ASUS ke kira BIOS FlashBack, MSI ke kira Flash BIOS Button, Gigabyte kuma Q-Flash Plus. Na biyu hanya mai sauƙi ta goge saiti a koma na asali, tare da 'yan fitilun da ke nuna ko matsalar daga furosesa take ko daga RAM, domin mai ƙara gudu ba ya rasa ranar da kwamfuta za ta ƙi tashi.

Idan allon na hannu ne, buɗe murfin soket ka haska fitila a kan 'yan siraran ƙusoshin da ke ciki, guda 1700 ne, kuma ɗaya da ya lanƙwashe ya isa ya kashe ramin RAM ko ya hana tashi. Duba bayan allon ko akwai wurin da ya yi duhu saboda zafi, sannan ka nemi a kunna shi a gabanka da furosesarka da RAM ɗinka kafin kuɗi ya bar hannunka.

Bayan ka haɗa, fara da kunna XMP a cikin BIOS domin RAM ya yi gudun da aka rubuta a jikinsa. Daga nan ka riƙa ɗaga lambar ninki mataki ɗaya-ɗaya, kana gwadawa da manhajar gwajin nauyin aiki irin Cinebench ko OCCT, kana kallon zafin furosesa da na VRM a manhajar HWiNFO. A yanayin Gusau ina ba ka shawarar kada ka wuce bolt 1.3, kada kuma ka bar furosesar ta daɗe sama da digiri 90 a lokacin aiki mai nauyi, kuma ka sani cewa Intel ya bayyana cewa ƙarin gudu yana iya soke garanti. Idan ka ga zafi ya hana ka hawa, wannan Z690 ɗin zai ba ka damar rage mata boltej kaɗan a gudunta na asali, ta yi sanyi ta riƙe cikakken gudunta har aikin ya kammala.