Kamara ko waya? Amsoshin masu son ɗaukar hoton tsohuwar Zariya

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Samaru. Na tara 'yan kuɗi, ina so in zaga wuraren tarihin Zazzau in ɗauki hotuna kafin in gama karatu. In sayi kamara 'yar gwanjo ne, ko in sake waya?

Amsa: Ɗana, riƙe kuɗinka tukuna. Abin da ya fi ɓata hoto a garin nan rana ce, kuma tsadar kamara ba ta maganinta. Je ka gaban fada da azahar ka ɗauki zanen ƙofar nan mai launi-launi, za ka ga ya koɗe, inuwa kuma ta yi baƙi ƙirin. Koma da la'asar sakaliya da wayarka ta yanzu, ka ga bambanci. Haka ragowar ganuwa wajen Ƙofar Gayan: da yamma ƙasar takan yi ja kamar an shafa mata manja.

Wuri ɗaya ne kamara za ta nuna wa waya fifiko, cikin tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Sabon gini ya lulluɓe shi, don haka ciki da duhu-duhu, bakan gizon nan na rufin kuwa sai ka ɗaga kai har hula ta kusa faɗuwa kafin ka ga inda suka haɗu. Ko a nan ma, ka nemi izinin masu kula da masallacin, kada ka shiga lokacin salla, ka kashe filasha, ka jingina da ginshiƙi don kada hannu ya yi rawa.

In ka nace sai kamara, gwada ta a gaban mai shago. Haska tocila cikin gilashinta ka duba ko ya yi fumfuna, ka ɗauki hoto goma a jere ka ga yadda batir ke sauka. Ni na taɓa saye ban gwada ba, don mai sayarwa ya rantse mini. A gindin dutsen Kufena ta mutu, ko hoto uku ban yi ba.

Tambaya: Malam, baƙi za su zo mini daga Legas, yini ɗaya gare su. Kufena zan kai su ko Turunku? Daga wata uwa a Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, Kufena. Turunku na da tarihin Bakwa da Sarauniya Amina, amma tana can Ƙaramar Hukumar Igabi, hanya za ta cinye muku yinin. Ku hau dutsen da sassafe, da takalmi mai kama ƙasa da gorar ruwa, silifas a bar shi gida. A hanyar dawowa ku tsaya Wusasa su ga cocin nan na 1929 da aka yi da ginin ƙasa irin na Hausawa, a unguwar da Janar Gowon ya tashi. In hunturu ya sauko da hazo, ku haƙura da hoton gari daga sama, fari fat kawai zai fito.

Tambaya: Malam, zan kai ziyara kabarin wani malamin kakanmu a cikin birni. Ya dace in ɗauki hoto?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayi zuriyarsa, su ke da ta cewa, kuma in sun yi jim kafin su amsa, ka gane sun ƙi. Ni dai ranar da na kai irin wannan ziyara, dattijon da ya raka ni ya tsuguna yana cire ciyawa da hannu yana addu'a ƙasa-ƙasa, sai na ji kunyar fito da waya. Da muka fito na roƙe shi ya tsaya a bakin zaure, na ɗauke shi, ƙasa duk a yatsunsa.