Amsa: Shin ƙwayoyin azurfa za su maye gurbin antibayotik?

Malam, ka tambaya ko ƙananan ƙwayoyin azurfar nan da ake yayatawa suna kashe bakteriyar da ta gagari antibayotik. A ɗakin gwaji kam suna kashewa. Girmansu bai wuce nanomita 100 ba, alhali kaurin silin gashi ɗaya ya kai kusan nanomita 80,000. Sai su manne wa bangon bakteriya, su huda shi, su saki azurfar da ke lalata furotin da DNA ɗinta. Da yake ta ko'ina suke kai hari, kauce musu na da wuya, amma fa ba ya gagara: a 2018 masu bincike a ƙasar Czech sun nuna bakteriyar E. coli tana iya dunƙule su har su daina aiki.

Inda aka fi cin moriyarsu yanzu shi ne bandejin ƙuna irin su Acticoat. Akwai kuma Arikayce, sai dai shi babu azurfa a cikinsa: antibayotik ne mai suna amikacin da aka naɗe cikin ƙananan ƙwayoyin kitse ana shaƙarsa, wanda Amurka ta amince da shi a 2018 don wata cutar huhu mai taurin kai.

Shi kuwa ruwan azurfar da ake tallatawa wai a sha, don Allah ka rabu da shi. Ba ya maganin cutar cikin jiki, kuma yana iya mayar da fata shuɗi-shuɗi har abada.