Suga na faɗuwa ana tsaka da maganin ciwon daji: amsoshin likita

Tambayoyin wannan makon sun fito ne daga masu jinyar ciwon daji da iyalansu, kuma duk a kan faɗuwar suga ne, galibi yayin shan sitiroyid, wato magungunan rage kumburi irin su prednisolone da dexamethasone. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Tambaya: Likita, ina karɓar kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji) saboda sankarar mama, kuma ana ba ni dexamethasone duk zagaye. Ba ni da ciwon suga. Amma in na sha koko da safe, bayan awa biyu zuwa uku sai jikina ya ɗauki rawa, gumi ya keto mini, ga wata irin yunwa. An ce mini maganin ɗaga suga yake yi, to me ke faruwa da ni? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Sannu da jiki, Hajiya. Gaskiya aka faɗa miki, sitiroyid ɗaga suga yake yi, domin yana sa jiki ya ƙi jin sinadarin insulin yadda ya kamata. Insulin shi ne ke kwashe suga daga jini ya shigar da shi cikin tsoka da hanta. Idan kika sha koko mai sukari a kan cikin da babu komai, suga zai haura da sauri, jiki kuma ya saki insulin mai yawa don ya shawo kansa. A wasu mutanen insulin ɗin yana wuce gona da iri, sai bayan awa biyu zuwa huɗu suga ya faɗo ƙasa. Ga kuma kemo da ke hana cin abinci, mutum ya kurɓi koko kaɗai ya ce ya karya.

Sai dai kada ki yanke hukunci da alamu kawai. Dexamethasone shi kansa yana kawo rawar hannu, bugun zuciya, yunwa da rashin barci, ko da suga na daidai. Wanda suga ya hau masa sosai ma yakan ji kasala da jiri. Don haka ki nemi na'urar gwajin suga ta yatsa, ki gwada a daidai lokacin da abin ya taso, kafin ki kai komai baki. Ƙasa da 70, ko 3.9 in na'urarki irin mai ƙananan lambobi ce, shi ne faɗuwar suga. Ƙasa da 54, wato 3.0, abu ne da likitanki zai ji a ranar. Ki ware ɗan littafi kina rubuta lokaci, lambar da ta fito, abin da kika ci, da ranar da kika sha maganin. Wannan littafin ya fi mini dogon bayani amfani a ɗakin duba marasa lafiya.

In ya tabbata ya faɗi, ki jiƙa cokalin cin abinci ɗaya na sukari a ruwa ki sha, ko rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi. Ki jira minti 15 ki sake gwadawa. In bai kai 70 ba ki maimaita. Da ya dawo, ki bi shi da abinci mai riƙe ciki, kamar ƙosai, alale ko dafaffen ƙwai. Kada ki shanye kwalba biyu don tsoro, domin hakan zai sake harba sugan sama, a koma gidan jiya.

Babban gyaran yana wurin karin kumallo. Ba na hana ki koko, amma ki rage sukari ƙwarai, kuma kada ya tafi shi kaɗai; ki haɗa da ƙosai ko ƙwai ko gyaɗa. Shayi mai zaƙi da farin burodi, da farar shinkafa tsura, su ma suna ɗaga suga da sauri kamar koko mai sukari. Wake, kifi, miyar kuka, dafaffen zogale, duk suna sakin suga a hankali. Ki raba abincinki kashi biyar ko shida ƙanana a yini, wanda dama shi ya fi sauƙi ga mai tashin zuciya. Nono kuma sai wanda aka tafasa madararsa, saboda kemo na rage garkuwar jiki.

Tambaya: Mahaifinmu yana da ciwon suga, yana allurar insulin. Yanzu ana masa maganin dajin ƙululun wuya, yana shan prednisolone kwana biyar a kowane zagaye. An ƙara masa insulin saboda sugansa ya kai 300. Shekaranjiya da asuba muka same shi yana gumi yana sambatu, muka gwada muka ga 48. (Wani ɗa daga Maraɗi)

Amsa: Malam, wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali cikin wasiƙun nan, kuma ina roƙon ku tuntuɓi likitan Baba yau, kada ku jira ranar asibiti. An ƙara insulin ne don ya tari ƙarfin prednisolone. Da kwana biyar ɗin suka cika aka daina maganin, sugan ya sauko, allurar kuwa tana nan a kan adadin da aka ƙara. Ko a cikin kwanakin shan maganin ma, prednisolone da aka sha da safe yana ɗaga suga ne daga azahar zuwa dare, kafin asuba ƙarfinsa ya ragu. Shi ya sa ƙara insulin na dare saboda lambar da aka gani da la'asar yake jefa mutum cikin haɗari da tsakar dare.

Ku nemi a rubuta muku adadi biyu a takarda: na kwanakin sitiroyid, da na kwanakin da babu shi. Haka ma masu shan ƙwayoyin ciwon suga irin su glibenclamide ko glimepiride. Faɗuwar da suke jawowa tana iya daɗewa ta kuma dawo bayan an yi zaton ta wuce, musamman ga dattijo ko mai raunin ƙoda. A riƙa gwada Baba sau huɗu a yini, har da kafin barci. Ranar da amai ya hana shi cin abinci, a kira likita kafin a yi allura.

In kun same shi ba ya cikin hayyacinsa ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa ruwa ko zuma ko rubutu, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefe ɗaya, a garzaya asibiti mafi kusa a ce musu yana kan insulin, za su sa masa ruwan gulukos ta jijiya.

Tambaya: Wata biyu ke nan ina shan dexamethasone saboda ƙari a kaina. Fuskata ta kumbura, sugana yana hawa yana sauka. Zan iya ajiye shi in huta? (Wani magidanci daga Kano)

Amsa: A'a, don Allah kada ka ajiye shi da kanka. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar gaɓa da ke samar da sinadarin kotizol, wanda ke hana jini da suga yin ƙasa. In mutum ya haura mako uku yana shan sitiroyid, waɗannan gaɓoɓin sukan rage aiki tunda maganin ya karɓe musu. Ka yanke shi rana ɗaya, sai jiki ya rasa duka biyun, maganin da kotizol ɗin: kasala mai tsanani, amai, jini ya yi ƙasa, suga ya faɗi, har ta kai ga suma. Ga kuma kumburin ƙwaƙwalwa da aka ba ka maganin dominsa, zai iya dawowa. Janye shi sai a hankali, bisa tsarin likita. Kumburin fuskar yana sacewa bayan an janye. Ka riƙa yawo da takarda a aljihu mai sunan maganin da adadinsa, kuma in amai ya hana ka riƙe ƙwayar, ka je asibiti a yi maka ta allura.

Tambaya: 'Yata mai shekara huɗu tana shan mercaptopurine saboda dajin jini. Wasu ranakun takan tashi da safe jiki a mace, sai ta sha shayi take warwarewa. (Wata uwa daga Kaduna)

Amsa: Allah ya ba ta lafiya. An san wannan maganin, wanda na kemo ne ba sitiroyid ba, da jawo faɗuwar suga ga ƙananan yara idan suka daɗe ba su ci ba, kamar tsawon dare. Ki gwada ta da zarar ta farka, ki kai wa likitanta sakamakon. Yakan duba lokacin ba da maganin da tsarin cin abincinta na dare. Kada ta kwanta da yunwa, kuma ta karya da wuri. Kada ki tsallake mata maganin ko sau ɗaya ba da izini ba. In kuma kasalar ta zo da zazzaɓi, a tafi asibiti nan take, domin maleriya da sauran cututtuka su ma suna kayar da suga, kuma zazzaɓi ga yaron da ke kan kemo ba a kwana da shi a gida.