Ɓerayen Faransa da Masarar Gusau: Amsoshin Tambayoyinku

Wata uwa daga Gusau ta rubuto cewa an turo mata hotunan ɓeraye masu manyan ƙari a jiki, an ce masarar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta ce sanadi, har ta daina yi wa yaranta tuwon masara.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Hotunan sun fito ne daga binciken da wani masanin kimiyya ɗan Faransa mai suna Séralini ya wallafa a 2012, bayan ya ciyar da ɓeraye wata masarar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta mai suna NK603 tsawon shekara biyu. Mujallar da ta buga binciken ta janye shi a 2013, domin ɓeraye goma kacal ke cikin kowane rukuni, kuma irinsu sukan fitar da ƙari idan sun tsufa, ko me suka ci. Wata mujalla ta sake buga shi a 2014, amma da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin maimaita gwajin da ɓeraye masu yawa, ba a ga cutarwar ba.

Abin da ya fi damuna shi ne masarar da ke gabanki a kasuwa. Ana zuba ta a buhu ba ta gama bushewa ba, ta yi fumfuna, fumfunar kuma ta haifar da gubar afulatoksin mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kawar da ita. Wasu 'yan kasuwa kuma, don gudun ƙwari, sukan yayyafa wa hatsi fiya-fiya, mu kuwa mu saya muna murnar sauƙin tiya. Ki shinshina kafin a auna miki, ki bar duk mai warin magani ko mai dabbare-dabbare, ko da an rage miki kuɗi.

Wani daga Talata Mafara yana so a koya masa gane masarar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta da ido. Malam, ba a ganewa, sai a ɗakin gwaji; duk mai cewa ya iya, yaudararka yake yi.

Manomin Tsafe da aka yi wa tayin irin masarar TELA, wadda aka sauya wa ƙwayoyin halitta, a mudu da araha, kada ka saya. Wannan masara, wadda cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar a 2024, a rufaffiyar jaka mai shaida ake sayar da irinta, wurin dillalin da aka amince da shi.