Tiredin sifindil ɗin Beetle ya lalace, a yi masa walda?

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Ina da Volkswagen Beetle ƙirar 1977 da na gada wurin mahaifina. Na kai ta a canza boris na gaba, gefen direba, sai yaron gareji ya yi ta fama da notin har da guduma. Yanzu tiredin sifindil, wato ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kansa, ya lalace, noti ba ya shiga. Wani mai walda ya ce zai cike wurin a sake yanka tiredi, ko kuma a ɗaura notin a ɗiga masa wuta. Mako mai zuwa nake son kai iyali biki Funtuwa, amma gabana faɗuwa yake yi. Mene ne shawararka? Daga mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Faɗuwar gabanka tana kan hanya. Kada ka bari wuta ta kusanci wannan ƙarfen.

Na san yadda aka yi ɓarnar. Sifindil na hagu a Beetle tiredin hagu gare shi, wato kwance shi ake yi ta inda aka saba ɗaurewa, don kada juyawar taya ta warware notin in mota tana tafiya gaba. Ga kuma ƙaramar kusar alanki a jikin notin, wadda sai an sassauta ta kafin ya motsa. Yaron da ya tashi a kan Golf da Corolla bai san wannan ba, yana ƙara ɗaurewa yana zaton kwancewa yake yi.

Ka wanke wurin da fetur ka duba da hasken rana. In bakin ne kawai ya tauye, zagaye biyu ko uku na farko, gyaransa ba wuya. Magagari ƙarami mai kusurwa uku ya wadatar, domin kusurwarsa digiri 60 ce, daidai da ta tiredin. A fara daga ciki inda tiredi ke da lafiya a biyo shi zuwa waje, a hankali, ana ɗauke tsinin da ya kwanta kawai. Kada a kafa dayis, wato abin yanka tiredi, daga baki a murɗa da ƙarfi, sabuwar hanya zai yanka a karkace. Sannan a kawo sabon noti na hagu, ya shige da hannu har ƙarshe ba tare da lilo ba. Amma in tiredin da notin ke zama a kai ne ya suɗe, magana ta ƙare, sai canji.

Yanzu ga walda, abin da nake ta fama da mutane a kai kullum. Kowa ya zo sai ya ce ai wane an yi masa kuma yana nan yana yawo. To yana yawo tsakanin Sabon Gari da PZ, ranar da zai hau babban titi da kaya ba ta zo ba tukuna. Sifindil ba ƙarfen ƙofa ba ne. Bugaggen ƙarfe ne da aka gasa aka sanyaya bisa ƙa'ida a masana'anta, don ya ɗauki nauyi da duka bai tsage ba. Walda kuwa narkar da ƙarfe take yi, zafin da ya kai wajen digiri 1,500. Inda aka ɗiga zai yi kyau a ido, amma gefensa wani wuri ya yi laushi, wani ya yi tauri mai saurin karyewa. Tsagar gashi ke farawa daga nan, kowane ramin hanya yana ƙara mata, ba ƙara ba alama. Na hagu ma ya fi haɗari, domin rami ne a cikinsa, ta nan wayar maleji ke bi, naman ƙarfen kaɗan ne.

Wannan notin shi kaɗai ke riƙe da boris da diram ɗin birki da taya gaba ɗaya. Ya bari, taya ta tafi da diram ɗinta, ka taka birki ya nutse ƙasa. Mai waldar yana can shagonsa ya karɓi kuɗinsa, kai kana Giwa a hanyar Funtuwa da 'ya'ya a kujerar baya. In ka dawo ya ce ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara, amma wanda ya narkar da abin da rayukan mutane ke rataye a kai don ya ci na yini ɗaya, akwai tambaya a kansa gobe kiyama.

Ɗiga wa notin wuta ma shirme ne ta wata fuskar. Boris ɗin nan saiti yake so, ɗan lilon da bai wuce milimita 0.03 zuwa 0.12 ba. Da me za ka sake saiti bayan ka kashe notin? Giris kuma ya ƙone tun a wurin.

In canji ya kama, ka leƙa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka tafi da tsohon a hannu, domin na motocin kafin 1966 daban ne. Wanda za ka saya, ka jiƙa shi da kananzir, ka goge, ka barbaɗa garin alli a gindinsa. In akwai tsaga, layin danshi zai fito. Duk wanda ka ga shuɗin wuta a jikinsa ka ajiye musu abinsu.

Wajen ɗaurawa, a matse notin ana juya taya, a ɗan sassauta har washa ta riƙa motsi da ƙyar in an tura ta da sukuddireba, sannan a ɗaure alankin. In aikin bai kammala ba kafin ranar biki, ku shiga motar haya.