Filin Tambaya da Amsa: Hawan Keke a Hanyoyin Burji na Karkarar Faransa

Tambaya: Assalamu alaikum. A watan Yulin 2024 na kalli gasar tseren keke ta Tour de France a talabijin, sai na ga wata rana 'yan tseren sun sauka daga kwalta sun bi wata farar hanya mai ƙura a tsakiyar gonaki. Yaya aka yi ƙasa mai arziki kamar Faransa take da hanyoyin da ba a shimfiɗa musu kwalta ba, kuma me ya sa ake kai tsere can? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani shi ne zango na 9 na gasar ta 2024, wanda ya tashi daga birnin Troyes ya kuma ƙare a cikinsa ranar 7 ga Yuli. A cikin tafiyar kilomita 199 an saka yankuna 14 na hanyar tsakuwa da jimillarsu ta kai kusan kilomita 32, kuma Bafaranshe Anthony Turgis ne ya zo na ɗaya. Farin da ka lura da shi daga ƙasar yankin yake, domin dutsen wurin mai alli ne, kuma da shi ake cike hanyoyin da ke ratsa gonakin inabi da na alkama.

Rashin kwaltar ba alamar talauci ba ce. Faransa tana da ƙananan hukumomin gari kusan 35,000, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan hanyoyi mallakarsu ne, an bar su ne domin tarakta da motar girbi da masu aikin daji. Hanyar da tarakta ke bi ba ta bukatar kwalta, kuma kuɗin shimfiɗa ta da gyara ta zai fi amfaninta. Shigar da su cikin tsere ma ba sabon abu ba ne. Tun 1984 ake gudanar da gasar Tro Bro Léon a yankin Bretagne, wadda ta yi suna saboda ƙananan hanyoyin gona da take bi, sannan daga 2018 gasar Faris zuwa Tours ta fara ratsa hanyoyin cikin gonakin inabi. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne samuwar keken da aka ƙera musamman don irin waɗannan hanyoyi, wato keken tsakuwa: kansa lanƙwasasshe ne kamar na keken tsere, amma tayarsa ta fi faɗi, galibi milimita 38 zuwa 45, birkinsa na faifai ne, kuma akwai wurin ɗaura jaka a jikinsa. Da wannan keke ne mutanen da ba 'yan tsere ba suka shiga yawo a kan hanyoyin manoma.

Tambaya: Ni ɗalibi ne ɗan Damagaram, ina karatu a Lyon. Na sayi keken tsakuwa na hannu, kuma ina so in yi amfani da hutun ƙarshen shekarar karatu in ga karkarar ƙasar nan. Abokaina suna ta ambaton babbar hanyar da ta ratsa tsaunukan Massif Central. Da ita zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, shawarata ita ce kada ka fara da ita. Wannan hanya, wadda ake kira Grande Traversée du Massif Central, a taƙaice GTMC, ta kai kusan kilomita 1,400 daga garin Avallon da ke bakin tuddan Morvan har zuwa Cap d'Agde a gaɓar Bahar Rum, kuma asalinta an tsara ta ne domin keken hawan dutse. Akwai wuraren da mai keken tsakuwa zai sauka ya tura, akwai kuma inda zai yi sa'o'i bai ga shago ko famfo ba. Wanda bai taɓa tuƙa keke mai ɗauke da kaya na kwana biyu a jere ba, idan ya fara da nan, yakan koma gida da ciwon gwiwa da ƙyamar abin gaba ɗaya.

Kusa da kai akwai wurin da ya fi dacewa da mai koyo. Ka hau jirgin ƙasa na yanki zuwa Valence, ka bi hanyar keke ta gefen kogin Rhône zuwa kudu har La Voulte-sur-Rhône, daga nan ka shiga Dolce Via a lardin Ardèche. Tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce da aka rufe a 1968, aka cire ƙarafunanta aka mai da ita ta masu keke da masu tafiya a ƙasa, tsawonta wajen kilomita 90, tana bin kwarin kogin Eyrieux ta garin Le Cheylard har Saint-Agrève. Amfanin tsohuwar hanyar jirgi shi ne ba ta da hawa mai tsanani, domin jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsayi lokaci ɗaya, saboda haka za ka yi ta hawa a hankali ta kan gadoji da cikin ramukan da aka fasa a dutse ba tare da numfashinka ya ɗauke ba. Mafi yawanta daƙaƙƙiyar tsakuwa ce, kuma a kanta za ka gane ko sirdinka ya yi daidai da tsawonka, ko iskar tayarka ta yi yawa. Masu fara hawa sukan cika taya tam kamar ta kwalta, alhali a kan tsakuwa rage iska kaɗan shi ke sa taya ta kama ƙasa, ya kuma rage girgizar da ke gajiyar da hannu da baya.

Bayan wannan sai ka gwada Canal du Midi, wato mashigin ruwan da Pierre-Paul Riquet ya jagoranci haƙawa daga 1666, aka kuma buɗe shi a 1681, mai tsawon kilomita 240 daga Toulouse zuwa tafkin Thau kusa da Sète. Hanyar gefensa ita ce wadda dawakai ke bi a dā suna jan jiragen kaya, kuma shimfiɗaɗɗiya ce, amma a wasu wurare ta ƙuntata, saiwoyin itatuwa sun fito fili, kuma bayan ruwan sama takan zama laka. Ka kuma sani cewa inuwarta ta ragu ƙwarai, saboda wata cutar itace ta tilasta sare dubban manyan bishiyoyin da ke jere a bakin ruwan, waɗanda aka dasa a madadinsu kuwa ba su gama girma ba. Hanyar kogin Loire mai kilomita kusan 900 tana da kyau da sauƙi, sai dai mafi yawanta kwalta ce, don haka ba ita ce za ta koya maka tsakuwa ba.

Idan ƙafarka ta saba, sai ka yanki wani ɓangare na GTMC, ba dukanta ba. Ni na fi son tudun Larzac da ke kusa da Millau, inda ƙasa take a buɗe, duwatsun farar ƙasa suke warwatse, tumakin da ake yin cukwin Roquefort da nononsu suke kiwo. Wasu hanyoyin wannan yanki tamkar burtalinmu suke, domin ta nan makiyaya ke kora garke zuwa tsauni idan zafi ya shigo su dawo da shi idan sanyi ya gabato, kuma saboda wannan tsohuwar al'adar kiwo ce hukumar UNESCO ta sa yankin Causses da Cévennes, wanda Larzac ke cikinsa, cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. Ka lura da lokaci: Mayu da Yuni da farkon Satumba sun fi daɗi, Yuli da Agusta akwai zafi da ƙarancin ruwa a kan tudun, sannan daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba tsaunukan Cévennes sukan fuskanci ruwan sama kamar da bakin ƙwarya wanda ke cika rafuka cikin sa'o'i kaɗan.

Tambaya: Muna zaune a wajen Faris, maigidana yana so mu fita da yaranmu biyu yawon keke a ƙauyuka. Ina jin tsoron karnuka da mafarauta, kuma ina tunanin abinci da salla. Daga wata mai karatu.

Amsa: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma duka abubuwan da kika ambata suna da magani. Lokacin farauta a mafi yawan lardunan Faransa yana farawa ne a watan Satumba ya ƙare a ƙarshen Fabrairu, kuma ya fi tsanani a ranakun Asabar da Lahadi, lokacin da ake taruwa a kori aladun daji. Mafarauta sukan kafa allo a bakin hanya mai rubutun "chasse en cours", wato ana cikin farauta, kuma duk inda kuka ga wannan allo ku juya ku nemi wata hanya, ku kuma sa wa yara tufafi masu launi mai haske. Manyan fararen karnukan da ke gadin tumaki sun fi yawa a yankunan tsaunuka, musamman tun da kyarkeci ya sake bayyana a ƙasar a 1992. Aikinsu tsaron garke ne, kuma gudun keke yana tunzura su, saboda haka idan kun hango garke ku sauka, ku sa keken a tsakaninku da karen, ku yi magana a natse, ku zagaye tumakin daga nesa maimakon ku ratsa tsakiyarsu.

Ta fuskar doka, tun 2017 wajibi ne yaron da bai kai shekara 12 ba ya sa hular kwano, ko shi ke tuƙi ko goya shi aka yi. An hana sa abin sauraro a kunne yayin tuƙi, kuma a wajen gari dole ne a sa riga mai ƙyalli da dare ko lokacin hazo. Ba kowace hanyar gona ce ta jama'a ba, wasu na masu gonar ne, don haka a girmama allon da ya hana shiga, a rufe duk ƙofar shingen da aka buɗe, a kuma kauce wa tarakta, domin manomin yana bakin aikinsa ne a kan hanyar da aka yi dominsa. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Maganar abinci tana bukatar shiri tun daga gida. A ƙananan ƙauyuka da wuya a sami mahaucin halal, kuma naman alade yana shiga abinci da yawa, har da miya da abin da ake cusawa a burodi, saboda haka ku tambaya kafin ku saya, ku kuma riƙe dabino da kifin gwangwani da dafaffen ƙwai da cukwi. Shagunan ƙauye sukan rufe daga tsakar rana zuwa wajen ƙarfe biyu ko uku, da yammacin Lahadi, wasu ma har da Litinin. Masu keke a Faransa sun saba ɗibar ruwa a famfon da ke bakin maƙabartar ƙauye, amma a duba ko an rubuta "eau non potable", wato ba na sha ba ne, kodayake ya isa alwala. Masallatai suna cikin birane da manyan garuruwa, don haka ku ɗauki ƙaramar darduma, ku kuma tuna cewa a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a arewacin ƙasar sai wajen ƙarfe goma na dare, abin da ke ba ku damar isa masauki kafin magariba.

Game da masauki, ku nemi wanda ke ɗauke da tambarin Accueil Vélo, wanda ake bai wa wuraren da ba su wuce kilomita 5 daga hanyar keke ba kuma suke da wurin ajiye keke da kayan gyara. Jiragen ƙasa na yanki suna ɗaukar keke, amma wasu yankuna suna bukatar a yi rajistar wuri tun da wuri a lokacin hutu. Da yara ƙanana, kilomita 20 zuwa 30 a rana a kan hanyar gefen ruwa ko tsohuwar hanyar jirgi sun wadatar, kuma yana da kyau ku zaɓi wadda take da tashar jirgi a tsakiya domin ku iya komawa gida idan ɗayansu ya gaji.